Kwamfuta mai ɓalle kibod: amfaninta da matsalolinta daga teburin gyara

Sana'armu sayar da kwamfutoci ce da gyaransu, kuma cikin kayan da ke ratsa hannunmu babu wadda mai saye ke saurin ƙyasawa kamar wadda ake ɓalle wa kibod ta koma tablet. Surface Pro ta Microsoft, wadda ta fara fitowa a 2013, ita aka fi sani. Akwai kuma ThinkPad X12 Detachable ta Lenovo, da Elite x2 ta HP, da Latitude Detachable ta Dell, sai iPad Pro idan an haɗa ta da nata kibod ɗin. Sunaye ne suka bambanta, ƙirar ɗaya ce: farosesa, RAM, ma'ajiyar bayanai, batir, sifika da kyamara duk an cusa su a bayan gilashin sikirin, galibi cikin kaurin da bai kai santimita ɗaya ba. Kibod ɗin murfi ne kawai mai maɓallai. Daga wannan ƙirar alherinta ya fito, daga ita kuma ciwon kanta yake tasowa.

Mutane da yawa rashin nauyi ne ke jawo su, kuma a nan ake yin kuskuren lissafi. Surface Pro 9 ita kaɗai tana kusan giram 880. Ƙara mata kibod mai kusan giram 300, ka ga an doshi kilo 1.2, wato nauyin siririyar laftof. Ribar ba ta fitowa sai an ɓalle kibod ɗin an ajiye. Shi ya sa tambayar farko da muke yi wa mai saye ita ce: yallaɓai, a tsaye kake aikin ko a zaune? Injiniyan da ke zagaya gini da zane a hannu, ma'aikacin asibiti mai zagayen gadaje, malamin da ke gyara takardun ɗalibai da alƙalami, mai zane, mai karɓar sa hannun mutane a fom, waɗannan su aka yi wa ita. Sikirin ɗin Surface Pro tun daga ta 3 tsarin 3:2 ne, wanda ya fi kusa da siffar takardar A4, don haka idan aka tsayar da ita shafi yana fitowa cikakke. Alƙalamin sababbin ƙirarta yana gane matakan dannawa 4096, kuma Windows ce sosai a ciki, da duk manhajojin ofis, ba manhajar waya ba.

Akwai wani amfanin da mai gyara ne kaɗai ke lura da shi. Idan ruwa ya zube a kibod ɗin laftof, kai tsaye yake gangarawa kan uwar allon da ke ƙasansa, wato babban faifan da farosesa da sauran kayan ciki ke manne a kai. A wannan kuwa babu komai a ƙarƙashin maɓallan, iyaka a rasa murfin, a maƙala wani cikin daƙiƙa biyu.

Zama da ita a cinya ne ba ta iya ba. Laftof nauyinta a gindi yake, maɗaurinta kuma yana riƙe sikirin da kansa. Wannan nauyinta a sama yake, jinginar baya ce ke tallafe ta, ita kuma jinginar tana son fili mai faɗi da tauri. A kan cinya bakin jinginar yana nutsewa cikin tsoka, kibod yana lanƙwasawa, gajeren mutum ma cinyar ba ta isa. Haka a ƙaramin teburin jirgin sama. Wanda ke buga rubutu awa shida a rana, laftof muke ba shi shawara ya ɗauka ko da ya nace.

Sai zafi. Farosesa na manne da bayan sikirin, wasu ƙirar ma babu fanka ko kaɗan, jikin ƙarfen ne ke fitar da zafin. Minti goma na farko za ta yi gudu yadda ake so. Da an ɗora mata tace bidiyo, ko doguwar ganawa ta kyamara tana kan caji, sai farosesa ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Mai ita ya kawo ta yana cewa ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau, iyakar ƙarfinta ke nan. Ramukan haɗi ma kaɗan ne: Surface Pro 8 ta zo babu babban ramin USB, USB-C biyu kawai, Pro 9 kuma ta cire ramin iyafis. Ga shi a yawancin ƙirar Surface da iPad kibod da alƙalami daban ake sayar da su, abin da mai saye ba ya sakawa cikin lissafi. Alƙaluman ma ba sa shiga wa juna, na Surface ba ya rubutu a iPad.

Ƙorafin da ya fi zuwa mana shi ne kibod ya daina aiki, kuma galibi ba ya kaiwa ga kwance komai. Maganaɗisu ne ke jawo kibod ɗin, wasu ƴan ƙananan filoli masu sifirin suna taɓa ƙarafan da ke ƙasan sikirin. Maganaɗisun nan yana tsinto ɓarɓashin ƙarfe daga cikin jaka, gumi da maiƙon hannu kuma suna rufe filolin. A ɓalle kibod, a jiƙa auduga da sifirit na isopropyl, a goge ɓangarorin biyu, sannan a danna kowane fil da farce a ga ko yana dawowa. Wanda ya maƙale a ciki ya mutu. Idan an goge bai tashi ba, a kashe na'urar, a riƙe maɓallin ƙara sauti a danna na kunnawa, za ta shiga UEFI, wato shafin saitin na'urar da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, idan Surface ce. Kibod ya yi aiki a can, to matsalar ta Windows ce, a cire direbansa, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa shi da Windows, a sake kunnawa. Bai yi ba, a gwada wani kibod. Wanda ke aiki sai an karkata shi kuwa, siririyar wayar da ke cikin lanƙwasar murfin ce ta karye saboda yawan naɗewa baya, kuma wannan ba ya gyaruwa. Kafin a sayo sabo a duba ƙira: murfin Pro 7 da na baya ba ya shiga Pro 8 da na bayanta, an sauya mahaɗin.

Babban aikin shi ne batir. Wanda ya mayar da ita kwamfutar tebur, kullum tana kan caji ga zafi, batirinsa yana kumbura, kuma ba shi da wurin zuwa sai ya turo sikirin. Alamar farko wani tabo ne mai ruwan ɗorawa a sikirin, ko gilashin ya ɗan ɗaga a gefe ɗaya har farce ya shiga. Kada a matsa shi, kada a ci gaba da caji. Rigakafinsa yana cikin UEFI na Surface, wani saiti da ke tsayar da caji a kashi 50 cikin 100, kuma duk wadda za ta zauna a tebur muna kunna mata shi.

Don a kai ga batirin sai an bi ta gilashi, babu wata ƙofa. Ana ɗumama gefen sikirin a kan faifan zafi har gam ɗin ya yi laushi, a fara zura siririyar roba ta wajen ragar sifika inda akwai ɗan sarari, a bi gefe a hankali. Milimita kaɗan ake shigarwa, musamman ta sama inda eriya take, da ƙasa inda wayoyin sikirin suke. Gilashin da na'urar taɓawa da sikirin duk a manne suke abu ɗaya, don haka tsagewa ɗaya ta ci duka. Saboda haka ba ma fara buɗe tsohuwar ƙira sai mun gaya wa mai ita cewa sikirin na iya tafiya, ya amince. Shi ma batirin da gam aka liƙa shi, ana sassauta shi da sifirit da katin roba, ba a kusantarsa da ƙarfe, don batirin lithiyam da aka huda wuta yake kamawa. Kamfanin iFixit ya ba Surface Pro ta farko maki 1 cikin 10 wajen sauƙin gyara. An samu sauƙi daga baya: Pro 9 batirinta da sukurori aka ɗaure shi, Elite x2 kuwa tun farko da sukurori ake buɗe ta.

RAM narke shi aka yi a jikin uwar allo, ba ya ƙaruwa. Wanda ya sayi gigabait 8 da shi zai zauna har ƙarshe, don haka 16 muke ba da shawara. Ma'ajiyar bayanai ta fara fita ta wata ƙaramar ƙofa a ƙarƙashin jingina daga Pro X ta 2019 da Pro 7+, girman M.2 2230 ce, gajeriya, doguwar 2280 ta laftof ba ta shiga. A tsofaffin da aka narke wa ma'ajiya, uwar allo ta mutu bayanai sun bi ta. Kuma kafin a taɓa komai a nemi makullin BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanai, lambobi 48 ne da galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai ita. Idan babu shi, gyara zai yi kyau amma fayil ba zai buɗu ba.

Ta hannu muna sayenta ne bayan gwaji biyar zuwa shida. A buga powercfg /batteryreport a tagar Command Prompt ta Windows a kwatanta ƙarfin batirin na asali da na yanzu. A kwantar da ita a kan gilashi a kalle ta daga gefe ko ta kumbura. A buɗe manhajar zane a ja layuka da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa, inda layi ya yanke taɓawa ta mutu a wurin. A bar ta a kunne rabin awa ta yi zafi, domin Surface Pro 4 ta yi suna da rawar sikirin idan ta ɗumama, har Microsoft ta buɗe shirin musanya ta a 2018. A shiga UEFI a ga ko akwai kalmar sirri, a kuma sake girka Windows da intanet a kunne, don wadda ta fito daga wani kamfani tana iya tsayawa tana neman asusun ma'aikacinsu. A iPad makullin iCloud ne ke yin wannan aikin.

Sababbin masu farosesan Snapdragon, irin Surface Pro ta 2024, batirinsu ya fi daɗewa kuma ba sa zafi sosai. Yawancin manhajojin da aka rubuta wa farosesan Intel da AMD suna tafiya a kansu ta hanyar kwaikwayo, amma direba ba ya kwaikwayuwa, sai wanda aka rubuta wa ARM, wato tsarin da aka gina Snapdragon a kai. Mai tsohuwar firinta, ko sikana, ko na'urar awo da ake jonawa da waya, ya kawo sunanta da lambar ƙirarta a duba shafin masu ƙera ta kafin a buɗe kwali.