Idan faifan sabar ya fara kasa karatu

Aikinmu kula da sabar ne, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin ofis gaba ɗaya, ga ƙananan ofisoshin da ba su da halin ɗaukar ma'aikacin kwamfuta na dindindin. Mu kaɗan ne, ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna. Yawancin kiran da ake mana ba su da wuyar sha'ani, amma akwai wanda ke sa in ajiye duk abin da nake yi: a ce sabar ta yi nauyi, fayil ɗaya ya ƙi buɗuwa, sauran kuma lafiya lau.

Mai kaya kullum da shawararsa yake zuwa. "Injiniya, a kashe ta a kunna mana, ko a sa fsck ta gyara." Sai in ce, "Ranka ya daɗe, yaushe rabon a yi kwafin ajiya, kuma an taɓa gwada dawo da shi?" Shirun da ke biyo baya shi ke gaya mini irin yinin da zan yi. Ita fsck tsarin fayiloli take gyarawa, kuma rubutu take yi a kan faifai. Sakinta a kan faifan da ba a san lafiyarsa ba yana iya mayar da ƙaramar ɓarna babba. Don haka idan babu kwafi, ddrescue nake fara ɗorawa, manhajar da ke kwafe faifai mai ciwo zuwa wani faifan. Tana kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna, ta tsallake masu gardama, sannan ta dawo musu daga baya, tana kuma rubuta inda ta tsaya, ko da wuta ta ɗauke ba sai an koma farko ba.

Sai bincike. A sabar da ke aiki da tsarin Linux, dmesg nake fara dubawa, wato jerin saƙonnin da tsarin ke rubutawa game da na'urorinsa, kuma a nan nake zaunar da yaro ya karanta da idonsa, domin saƙonni biyu ne masu kama da juna amma ciwonsu daban. Faifai a kashe yake zuwa ƙananan gurabu na ajiye bayanai, kowanne da lambarsa. Idan ka ga UNC, kuma lambar gurbin da ya gagara tana ta maimaita kanta, wurin ne ya lalace a jikin faifan. Idan kuwa ICRC ka gani, ana ta yanke layi ana sake haɗawa, lambobin gurbi kuma suna tsalle nan da can, to a hanya bayanan ke lalacewa: kebul, ko soket, ko allon da faifan ke zama a ciki, wani lokaci ma na'urar ba da wuta ce ta gaji. Na sha tarar da faifai mai lafiya an jefar da shi a kwali, an sa sabo a kan tsohon kebul, ciwon kuma yana nan inda yake.

Daga nan sai smartctl, manhajar da ke karanto rahoton da faifan ke riƙewa game da lafiyarsa. Abin da ya fi ba ni wahala da masu kaya shi ne kalmar PASSED da ke fitowa a sama. Sun gan ta, hankalinsu ya kwanta. Ni kuwa a wurina daidai take da likita ya ce majiyyaci yana numfashi. Lambobin ƙasa ne ke da magana. Ta 5 tana ƙirga gurabun da faifan ya riga ya yi watsi da su ya maye da na ajiya. Ta 197 ita ce ta waɗanda ya kasa karantawa yana jiran hukunci a kansu. Sai an yi rubutu a wurin sannan ya gane ko gurbin zai riƙe ko ya sauya shi. Ta 198 ta waɗanda suka gagara gyara ce. Ta 199 kuwa ta kebul ce, kuma ba ta komawa sifili ko an sauya kebul ɗin, sai dai ka rubuta adadin ka ga ko yana hawa. Idan akwai katin RAID a tsakani, wato katin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki a rukuni ɗaya, sau da yawa sai ka gaya wa smartctl nau'in katin kafin ta iya leƙa faifan da ke bayansa.

A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da nazari a kan faifai sama da 100,000. Sun gano cewa faifan da aka fara samun kuskure a binciken jikinsa ya ninka sauran sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Sun kuma gano cewa kashi 36 cikin ɗari na waɗanda suka mutu ba su nuna alama ko ɗaya ba. Shi ya sa ba na ciniki da lamba ta 197: a sabar, in ta fara hawa, faifan ya gama aiki a wurina, ko da ya ci dogon gwajin da smartctl ke sa shi ya yi wa kansa.

Masu RAID 5, tsarin da ke jure mutuwar faifai ɗaya kawai, su suka fi sakin jiki, alhali lokacin sake gina bayanan wanda ya mutu daga sauran faifan shi ne lokacin haɗari. Takardar bayanin faifan gida yawanci tana cewa kuskuren karatu ɗaya cikin bayanai wajen terabayit 12 da rabi, na sabar kuma ɗaya cikin ninkin haka sau goma. Faifai huɗu masu terabayit 8, ɗaya ya mutu, sai an karance terabayit 24 kafin a cike gurbinsa. A aikace faifai sun fi abin da takardar ta faɗa, amma gurbi ɗaya da ya ruɓe a ɓoye ya isa ya tsayar da ginin. Shi ya sa duk sabar da ke hannunmu muke sa ta karance kanta duk wata.

Akwai kuma masu sa faifan kwamfutar tebur a sabar don sauƙin kuɗi. Irinsa yakan nace a kan gurbi ɗaya har ya wuce daƙiƙa 30 da Linux ke jira, sai a fitar da shi daga rukuni kamar ya mutu. Na sabar yakan haƙura a daƙiƙa 7 ya bar RAID ta gyara wurin daga 'yan'uwansa.

Ranar cire faifan, ba na yarda yaro ya taɓa komai da sunayen da Linux ke ba faifai, irin su sdb ko sdc, don sunayen nan suna sauyawa idan an sake kunna na'ura. Lambar siriyal zai rubuta a takarda daga smartctl, ya gwada ta da wadda ke jikin faifan harafi da harafi, ni ma in duba, sannan ya zare.