Rinin Gram: wuraren da hannun ɗalibi ke kuskurewa

Ƙannena masu karatun ilimin ƙananan halittu a jami'a, babu gwajin da za ku yawaita yi kamar rinin Gram, kuma babu wanda ɗalibai suka fi rainawa kamarsa. Hans Christian Gram, likita ɗan ƙasar Denmak, shi ya fito da shi a 1884, har yau kuma da shi ake fara raba bakteriya gida biyu: masu riƙe launin shunayya, da masu sakinsa su ɗauki ja. Matakan guda huɗu ne, kowa ya haddace su. Sai dai hadda ba ta hana sakamako lalacewa, kuma mu da muka riga ku mun sha tuntuɓe a wuraren nan.

Ɓarnar takan fara tun wajen shafawa. Ku ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a kan gilashi mai tsabta, ku ƙona wayar ɗiba har ta yi ja, ku bari ta huce, sannan ku taɓo tsibi ɗaya kawai na bakteriyar da kuka shuka. Ku baza shi siriri, yadda za a iya karanta rubutu ta cikinsa. Shafi mai kauri ba ya wankuwa daidai, sai tsakiyarsa ta fito shunayya ko da ƙwayar ja ce. Ku bar shi ya bushe da iska kafin ku gilma shi ta harshen wuta sau biyu ko uku. Idan zafin ya yi yawa, siffar ƙwayoyin ta jirkice.

Ku lura da shekarun abin da kuka shuka. Na awa 18 zuwa 24 ake so. Idan ya tsufa, bangon ƙwayar yakan raunana, musamman a dangin Bacillus, sai mai shunayya ta fito ja ko ta fito gauraye.

Kiristal bayolet, wato rinin shunayya, minti ɗaya, a ɗauraye. Aidin minti ɗaya, a ɗauraye. Daga nan sai itanol mai ƙarfin kashi 95 cikin 100, kuma a nan ne gwajin yake kyau ko ya lalace. Aidin yana haɗewa da rinin farko su zama dunƙule babba a cikin ƙwayar. Mai bango mai kauri, da itanol ya taɓa ta sai bangon ya tsuke ya kulle dunƙulen a ciki. Mai bango siriri kuwa tana da fatar waje mai maiƙo, itanol ya narkar da ita, launin ya zube. Amma ko mai kaurin, idan aka daɗe ana zuba mata, za ta saki. Don haka ku karkata gilashin, ku riƙa ɗigawa na daƙiƙa 10 zuwa 20, da zarar ruwan da ke gangarowa ya daina fitowa da launi ku ɗauraye nan take. Idan asiton ne a hannunku, ya fi itanol sauri sosai, daƙiƙoƙi kaɗan sun isa. Sai safranin, jan rinin da ke kama ƙwayoyin da suka saki shunayya, na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Ku tsane ruwan da takardar tsanewa a hankali, kada ku goge.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne ƙwayoyin shaida. A gefen samfurinku ku shafa Staphylococcus aureus da Escherichia coli, ku rina su tare. Ta farko dole ta fito shunayya, zagayayyu a cure, ta biyu kuma ja, 'yan sanduna. Idan ɗayansu ta saɓa, laifin na hannunku ne ko na sinadarin, kuma sakamakon samfurin bai cancanci shiga littafi ba. Aidin da ya daɗe a buɗe har ya koɗe yakan jawo haka.

Wajen dubawa a madubin ƙara girma, ku nemo wurin da ƙaramin idonsa tukuna, sannan ku ɗiga mai ku koma ido mai ninki 100. Kada mai ya taɓa na ninki 40, yana ɓata shi. Ku duba gefen shafin inda ƙwayoyin suka warwatsu, ku rubuta launi da siffa da yadda suka jeru.

Kuma ba kowace bakteriya ce wannan rini ke kamawa ba. Mai haddasa tarin fuka bangonta na da kakin da ke hana launi shiga, sai da rinin Ziehl-Neelsen, ita kuwa Mycoplasma ba ta da bangon ma gaba ɗaya.