Abin da aikin dare ya koya mini

A makarantar koyon aikin jinya mun haddace cewa zuciyar babban mutum, idan yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, kusan sau 100,000 ke nan a kwana ɗaya. Na rubuta a jarrabawa, na ci makina, na wuce. Ko "Subhanallahi" ban ce ba. A lokacin, ni ba na ganin ikon Allah sai a babban abu: mara lafiyar da aka fid da rai da shi ya miƙe, ko mota ta yi kaca-kaca mutum ya fito ba ko ƙwarzane.

Da na fara aikin dare, abin da ya fi gundurata shi ne awo. Bayan kowace awa huɗu sai ka bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, ka auna zafin jiki, bugun zuciya, numfashi da hawan jini, ka rubuta. Wani dare, wajen ƙarfe biyu, barci ya ci ƙarfina. Na tsaya a gadon wani dattijo, na ga idonsa a rufe, sai kawai na kwafi lambobin ƙarfe goma na zuba a takardarsa. Wa zai sani? Har na juya zan tafi sai na ji ya ce, "'Yata, yau ba za ki taɓa hannun nawa ba?"

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Yi haƙuri, Baba," na soke abin da na rubuta, na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa.

Lafiyarsa ƙalau, kada wani ya zaci ceto na yi. Amma minti gudan nan da na yi ina ƙirge, jijiya na harbawa a ƙarƙashin yatsuna, shi ya tsaya mini a rai. Mutumin nan bai umarci zuciyarsa ta buga ba, ni ma ban umarce ta ba. Shekara saba'in da wani abu tana wannan aiki, yana barci yana farke. Sai hadisin Jibrilu da Sayyidina Umar ya ruwaito ya faɗo mini, inda Annabi (SAW) ya bayyana ihsani: ka bauta wa Allah kamar kana ganinSa, in ba ka ganinSa to Shi yana ganinka. Na daɗe da sanin hadisin, sai dai a kan sallaya kaɗai nake ajiye shi. Ban taɓa kawowa ya shafi biro da takardar awo ba.

Daga baya aka mai da ni sashen wankin ƙoda. Ƙodar mai lafiya tana tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a kullum, ta mayar da kusan duka, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Wanda tasa ta tsaya kuwa, yawanci sau uku a mako zai zo ya kwanta awa huɗu jikin na'ura, kuma na'urar ba ta kai ƙodar ba. Wata mata ta taɓa ce mini burinta kawai ta ji fitsari ya matse ta kamar dā. Ban sami amsar ba ta ba. Ayar nan ta 21 a Suratuz Zariyat, mai tambayar ko ba ma duba cikin kawunanmu, a ɗakin nan na fahimce ta.

Ba wai na zama waliyyiya ba. Har yanzu ina gajiya, ina ƙorafi, wani daren ma sai asuba nake tuna ban yi zikiri ko ɗaya ba. Amma lambar da ban auna ba, ban ƙara rubuta ta ba. Wani lokacin idan ɗaki ya yi tsit, nakan ɗora yatsu a nawa wuyan hannun, in ƙirga.