Keke ya kai ni inda kuɗina ba su kai ba

Jiya na fito da tsohon keken Baba na bi ta Runjin Sambo a nan Sakkwato, wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Malam, kai da ka dawo daga Turai, keke?" Dariya kawai na yi.

A Holan ai keke ne rufin asirin ɗalibi. Watana na farko a Utrecht kuɗin jirgin ƙasa suka kusa cinye na abinci, sai na sayi wani kwance, mai birkin feda, kacarsa tana kuka kamar ƙofar zaure. Ƙasa ce da kekuna suka fi mutane yawa. Ma'ajiyar kekuna ta tashar jirgin Utrecht kaɗai tana ɗaukar 12,500, kuma ranar da na fara ajiyewa sai da na yi rabin awa ina neman nawa.

Wata Asabar na taka zuwa Amsterdam, wajen kilomita 40, da burodi da dabino a jaka. Babu tudu ko ɗaya, amma iska! Gaba take buso ka, kana takawa kamar kana jan kura cike da jarkoki. Ga ruwan sama mai sanyin ƙanƙara. La'asar a bakin wani magudanin ruwa na yi ta, shanu suna kallona.

Wallahi a lokacin har zafin Sakkwato na yi kewa. Jiya kuwa, tun kafin in kai Gidan Dare na janye maganar.