Ta ƙofar ganga kiɗa ya dawo mini

Sanƙarau ne ya tafi da jina ina da aure da 'ya'ya. Da aka dasa mini na'urar ji, magana ta dawo a hankali, har na koma ciniki a babbar kasuwar Garwa a Kamaru ba sai an rubuta mini farashi ba. Kiɗa ne ya ƙi. Waƙar da na haddace tun ina yarinya, in an kunna, sai in ji kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti.

Mai saita mini na'urar ta ce ba abin mamaki ba ne. Siririyar wayar da aka zura a katantanwar kunne tana da bakin lantarki 12 zuwa 22, gwargwadon kamfanin da ya ƙera, alhali lafiyayyen kunne da dubban ƙwayoyin gashi yake aiki. Don magana aka tsara ta. Bugu tana kawo shi daidai, hawa da saukar sauti kuwa sai kame-kame.

Sai na bar waƙoƙin zamani masu tarin kayan kiɗa, na koma ganga ita kaɗai, a ɗaki shiru, wayar hannu haɗe da na'urar ta Bluetooth. Ina bi da tafi.

Kalangu ya fi ba ni aiki, don da hawa da sauka yake magana. Wani dattijon makaɗi a unguwarmu na roƙa. Na ce, "Baba, ka buga a hankali ina kallo." In ya matse igiyoyin a hammata sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka. Ido ya riƙa gaya wa kunne abin da zai nema. Daga baya nakan juya masa baya in canka, ya ce, "A'a 'yata, wannan sauka ce," mu sake.

Waƙa kuma sai wadda na riga na sani, baitocin a rubuce a gabana, mawaƙi ɗaya ba amshi. Kaɗan kullum ya fi zaman awa guda, don kai yana gajiya. Na kuma sa aka buɗe mini tsari na musamman don kiɗa, tunda wanda ke rage hayaniya yana cinye rabin waƙar.

Algaitar hawan sallah a ƙofar Lamiɗo yanzu ina bambance ta da kakaki. Goge dai har yau ƙara ce kawai. Wata mai zuwa sarewa zan gwada.