Mun Sayi Kwamfuta 20, Batir Ya Rufe Ɗakin

Kuɗin tallafin wata ƙungiya ce daga Turai, na wata 12, don buɗe ɗakin kwamfuta a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a karkara. Laftof 20, farantan sola 12 masu wat 400, inbata (na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin ta gida) mai 5kVA, na'urar intanet, horar da malamai. Duk wannan ya tafi lafiya lau. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne batura.

Mun sa guda takwas, irin na ruwa, 12V 200Ah, huɗu-huɗu a jere don su ba da 48V. A takarda wajen kilowat-awa 19 ke nan, amma irin wannan batir rabinsa kawai ake ci, in ana so ya yi ƙarko. Ba mu saita inbata ta yanke wuta a rabi ba. Da dare sai a jona firji da cajin wayoyin rabin gari, gari ya waye batura sun tsotse ƙarƙaf.

Sai wurin ajiya. Sito muka zaɓa saboda yana da ƙofar ƙarfe, ɓarayi muke tsoro. Rufin kwano, ba silin, ba taga. Batir na ruwa digiri 25 yake so, duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage masa rabin kwanakinsa, ga bazara tana wuce 40 a waje, balle a cikin sito. Ruwan batir kuma sai an duba kowane wata, ba mu ɗora wa kowa ba. Ƙurar hunturu ta lulluɓe faranti, caji ba ya cika. A wata na 14 suka mutu, wata biyu bayan an rufe aikin, an mayar da ragowar kuɗi.

A nan ne muka gane wautarmu. A kasafin da muka rubuta babu layin gyara, babu na sauya batir, babu kuɗin data bayan shekara. Masu tallafi sun fi son sayen abin da za a ɗauka hoto. Cefanen yau da gobe naka ne, sai in ka sa shi tun a takardar neman tallafi. Yarjejeniyarmu ta yarda a matsar da kuɗi daga layi zuwa layi, in ya haura kashi 10 cikin ɗari a nemi izini a rubuce. Da mun nema a wata na tara, da rarar kuɗin bita ta sayi batura. Ba mu nema ba.

Kuma da naira muka yi lissafi. A Yunin 2023 aka saki farashin canji, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750, farkon 2024 ta kai 1,500, batir kuwa dala yake bi. Garanti? Dila ya ce a kawo shaidar ana zuba ruwa. Babu.

Wani ya ce a sayi biyu a gauraya da tsofaffin. Kada a yi, tsohon zai janyo sabon ƙasa.

Yanzu ba na sa hannu a kan irin wannan aiki sai na ga batirin litiyam, wanda ba a zuba wa ruwa, a kasafi ko da za a rage laftof zuwa 15, ɗaki mai iska, layin wuta na kwamfuta daban, da sunan malamin da zai riƙe littafin dubawa. Kwamitin makaranta kuma ya rubuta daga ina kuɗin data zai fito a wata na 13. Laftof ɗin nan 20 suna nan cikin kabad, garau, an lulluɓe su da zani.