Muƙamuƙin da yarana suka tono

Ranar Juma'a bayan la'asar ina kishingiɗe da kofin shayi, sai ga autana a guje, ƙafafu futu-futu da ƙura. "Baba, mun samo dainoso!" Wato irin manyan dabbobin nan da suka ƙare a duniya tun miliyoyin shekaru da suka wuce. Yayarsa na biye da shi, ta rungumo wani abu a cikin gyalen mamansu.

Akwai kangon fili a bayan gidan da muke haya a nan Jidda, inda magina suka zube yashi suka yi gaba. Ashe kwana uku ke nan suna haƙa a wurin, da ludayin miya da tsohon buroshin haƙori. Suka buɗe gyale: muƙamuƙi ne, haƙora huɗu a jere. Ni da na tashi gidan mahauta, kallo ɗaya na gane ragon layyar wani ne.

Na ce su ɗaga su ji nauyinsa. Shafal. Ƙashin da ya daɗe a ƙasa har ya kai a kira shi na dainoso, ma'adinai sun ratsa shi, ya koma dutse, hannu ma zai faɗa maka. Fuskar auta ta canza, idanu sun kawo ruwa, sai na yi maza na ce amma fa a ƙasar nan an taɓa tono na gaske.

A farkon 2014 aka sanar. Masana daga Suwidin da Ostiraliya, tare da hukumar binciken ƙasa ta Saudiyya mai hedkwata a nan Jidda, sun samo su a arewa maso yamma, kusa da gaɓar Bahar Maliya: haƙoran wani mai cin nama da ke tafiya da ƙafa biyu, da ƙasusuwan wutsiyar wani ƙato mai dogon wuya, mai cin ganye. Shekarunsu wajen miliyan 72. A lokacin Bahar Maliya ba ta tsage ba tukuna, ƙasar Larabawa na manne da Afirka.

Yarinyar ta yi shiru, can ta ce, "Wato Baba, dainoson Saudiyya ma ɗan Afirka ne irinmu?" Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Mamansu dai ba ta ga abin dariya ba, don gyalen na fita unguwa ne. Ta ce a fitar mata da ƙazantar nan. Da ƙyar na yi sulhu: an wanke muƙamuƙin da omo, yana cikin kwalin dabino a saman firji. Ludayin kuwa har yau ba a gan shi ba.